Jan Layi a Wuya

Malama Sadiyatu 'yar mahauta ce, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. A Ƙofar Marke aka haife ta, a gidan Maccido mai nama, mutumin da in ya hango bijimi daga nesa sai ya gaya maka ko kitse ne a jikinsa ko kumburin ciyawa. Yayyenta maza duk wuƙa suka gada. Ita kuwa gawayi ta gada, wanda take tsinta a bakin murhun da ake gasa tsire. Tun tana 'yar mitsitsiya ba bangon da ya tsira daga hannunta: shanu a zaure, raƙuma a bayan ɗaki, awaki har a jikin randa. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Maccido kuwa sai ya tsaya da hannu a ƙugu ya ƙare wa zanen kallo, ya ce tozon wannan ya yi ƙarami, ƙafar wancan ta yi kama da ta jaki. Ba ya yabo, amma bai taɓa sa an goge ba.

Shi ya tsaya mata ta yi karatu har kwalejin horar da malamai, lokacin da dangi ke cewa me 'yar fawa za ta yi da alli. Bai ga ranar da ta fara koyarwa ba, Allah ya yi masa rasuwa tana shekarar ƙarshe. Tun daga lokacin ta zana abubuwa ba iyaka a kan allo, daga kaza zuwa jirgin sama, amma ba ta taɓa zana shi ba. In an tambaye ta sai ta ce ba ta iya fuskarsa ba. Ba gaskiya ba ne, ta fi kowa iya ta.

Makarantar firamaren da take koyar da zane da ƙere-ƙere tana kusa da Ƙofar Dundaye. Darasin nata irin wanda ake tunawa da shi ne in an rasa malamin lissafi, kuma kayan aiki sai dai a ji labarinsu. Wannan bai taɓa hana ta ba. Ruwan zoɓo ne jan fentinta, kurkur ne ruwan ɗorawa, bular wanki ce shuɗi, ƙaro ne abin liƙi. Kwalayen taliya daga shagunan unguwa take roƙowa, ta yanka su murabba'i. Mijinta Ladan, wanda yake kabu-kabu da mashin, ya saba ganin an ɗaure masa buhun kara ko bokitin yumɓu a baya kafin ya ɗauki fasinjan farko. Yakan ce shi bai auri malama ba, bola ya aura. Takan ce to ai shi ne babban abin da ta tsinta.

Tana da hali guda da kowa ya san ta da shi: saurin yanke hukunci. Kafin ka gama magana ta riga ta kai ƙarshe, ta yi kuka ko ta yi dariya, ta ɗauki mayafi. Sau da yawa takan dace, shi ya sa ba ta daina ba.

A tsakiyar zango aka kawo wata yarinya aji uku, sunanta Khaula. Wata tsohuwa ce ta riƙo hannunta har ofis, abin da malamai suka ji kawai shi ne daga wani gari a gabas aka dawo da ita wajen kakanninta. A shekarun nan in aka ce an dawo da yaro birni daga gabas a tsakiyar zango, ba wanda yake ƙara tambaya. Kowa ya san abin da ke koro mutane daga garuruwansu, kuma makarantar ta riga ta karɓi irin waɗannan yara, masu firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Khaula ba ta firgita, amma ba ta magana. Tana zama a bencin ƙarshe kusa da taga, ta yi abin da aka ce, ta tashi in an tashi. Sadiyatu ta lura da hannunta tun ranar farko. Yarinyar tana riƙe tsinken fenti kamar mai rubutun allo, a tsaye, ba rawa.

Wata ranar Alhamis, ana zafin nan na Sakkwato da ke sa kwano ya riƙa ƙara shi kaɗai, Sadiyatu ta raba kwalaye ta ce kowa ya zana mutanen gidansu. Aikin da take bayarwa duk shekara ne, kuma tana son sa, don a nan take ganin uba mai kai kamar tulu da kaka mai haƙori ɗaya. Ta riƙa zagayawa tana dariya har ta iso bencin ƙarshe.

Zanen Khaula ya fi na kowa kyau. Ga wani mutum dogo mai tabarau da doguwar hula. Ga yaro da ƙwallo a ƙafa. Ga jariri a kan tabarma, ga 'yar yarinya mai kitso biyu, ga akuya mai baƙin kunne ɗaya. A gefe ga wata mace cikin shuɗin mayafi, ta ɗan karkata kai. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu, har jaririn, har akuyar, an ja masa jan layi na ruwan zoɓo a wuya, daga wannan gefe zuwa wancan. Matar nan mai shuɗin mayafi ce kaɗai aka bari lafiya.

Da wani malamin ne, layi kawai zai gani. Sadiyatu kuwa a gidan da ake kwantar da rago kullum ta tashi, ta san inda wuƙa take sauka, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. A nan daidai layukan suke. Ta durƙusa kusa da bencin, ta yi ƙasa da murya.

"Khaula, wanga wa na?"

"Babana na."

"Wanga hwa?"

"Yaya Auwalu. Ga ƙanena, ga akuyarmu."

"Wagga mai kitso?"

"Ni ta."

Sadiyatu ta ƙara matsowa. Ta ɗora yatsa a kan jan layin da ke wuyan mai tabarau. "Wanga jan abin mi na?"

"Yanke wuya na," in ji Khaula, ba tare da ta ɗago ba.

"Wagga da ba a yanke ba hwa?"

"Ummana ta."

Daga nan Sadiyatu ba ta ƙara tambaya ba, don a ganinta ta gama jin labari. An shiga garinsu, an yi wa uban da yayan da jaririn yankan rago a gaban yarinya, uwar kaɗai ta tsira. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne layin da Khaula ta ja a wuyan kanta. Yarinya 'yar shekara takwas tana zaune a aji tana numfashi, amma ta sa kanta cikin matattu. Kuma ita Sadiyatu, da bakinta, ita ta ce a zana mutanen gida, ita ta miƙa mata ruwan zoɓon. Ta ji tsoron cewa ta fama wa yarinyar ciwon da ba za ta iya rufewa ba. Ta fita bayan aji ta yi kuka, ta wanke fuska da ruwan da aka ajiye don wanke tsinkaye, ta dawo da ɗigon shuɗi a kumatu, yara suka yi ta nuna ta suna dariya.

A gida ta nuna wa Ladan kwalin. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ko a fara tambayar shugaban makaranta, ko wani maƙwabcin gidan. Ta ce tambayar me, ga abu a zane. Ya ce har akuya? Ta ce waɗannan mutanen akwai abin da suke bari? Ladan ya san in ta kai nan ba a juyo da ita, sai ya ce to Allah ya kyauta, ya tafi ya duba man mashin.

Ranar Asabar da hantsi ta auno gero a kwarya ta rufe da faifai, ta sa mayafinta mafi duhu, ta ce ya kai ta gaisuwar mutuwa. Gidan kakannin Khaula ba shi da wuyar samu. A Ƙofar Dundaye in ka ce gidan Malam Sa'ad mai zayyana, kowa zai nuna maka, don shi ne tsohon malamin da ke ƙawata allunan masu saukar Alƙur'ani. Ladan ya tsaya a zaure wajen Malam, ita ta yi sallama ta shiga ciki.

Tsohuwar da ta kawo Khaula makaranta, wadda ake kira Inno, tana zaune a inuwar dogonyaro tana tsince shinkafa. Ta gane Malama, ta shimfiɗa mata tabarma. Sadiyatu ta ajiye kwarya, ta durƙusa, tun kafin ta buɗe baki hawaye sun riga ta.

"Inno, ya haƙuri? Sai yanzu nij ji abin da yas samu gidanga."

"Haƙuri sai godiya, Malama. Allah shi ba da lada, kin yi zumunci."

"Allah shi jiƙansu, shi gahwarta musu duka."

Inno ta ɗan dakata da tsintar, ta dube ta, amma ta ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a. Sadiyatu ta share ido da bakin mayafi, ta waiwaya wajen ɗakuna.

"Ina uwar Khaula take? In shiga in yi mata tata gaisuwar. Wallahi tun shekaranjiya ita ka raina, ƙaƙa mace za ta ɗauki wanga abu ita kaɗai."

Inno ta ajiye tiren shinkafar a hankali.

"Malama, wa kiz zo yi muna gaisuwa tai? Ai Bahijja, uwar Khaula, ita munka rasa. Wajen haihuwa, tun kahin azumi."

Suna cikin haka sai aka ɗaga labulen ƙofar zaure, wani dogon mutum ya sunkuyo ya shigo, da tabarau, da doguwar hula, da ledar lemo a hannu. Bayansa ga yaro yana tura ƙwallo da ƙafa. Sadiyatu ba ta taɓa ganin mutumin ba, amma ta san shi sarai, kwana biyu tana kallonsa a jikin kwalin taliya tana yi masa addu'ar samun rahama. Ta zabura ta miƙe tana salati, ta yi fatali da kwaryar, gero ya watse a tsakar gida. Kafin kowa ya ce uffan, sai ga akuya ta fito daga bayan rumbu a guje ta sa kai cikin geron. Kunnenta ɗaya baƙi ne.

"Kai na Baban Khaula?" in ji Sadiyatu. "Kana da rai?"

Mutumin ya dubi Inno, ya dubi baƙuwar. "Lahiyata lau, baiwar Allah. Yanzu nis sauka mota."

Sunansa Jafar, ma'aikacin asibiti ne a garin da aka tura shi aiki. Bayan rasuwar matarsa ya kawo Khaula da jaririn wajen iyayensa, ya bar Auwalu a hannunsa don ya ƙarasa aji shida, sukan zo duk ƙarshen mako. Garin nasu ma lafiya ƙalau yake. Jaririn kuwa salatin Malama ne ya tashe shi, yana ɗaki yana tsala ihu da ƙarfin da ba ya bukatar wata shaida.

Hayaniyar ta shigo da Malam Sa'ad, Ladan na biye da shi yana sosa ƙeya. Sadiyatu ta zaro kwalin daga jaka da hannu biyu ta miƙa, tana nuna layukan. Malam ya kai zanen kusa da ido, ya nisanta shi, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya yake, irin ta tsofaffi da ba ta da sauti.

"Malama, wanga aikina na. Ni nik koya mata."

Ya zauna a bakin tabarma ya yi bayani. Da aka kawo Khaula, ba ta magana da kowa, sai ta riƙa zama kusa da shi in yana zayyana. Ya ba ta alƙalami da tawada, yana zaton za ta kwaikwayi zanen allo, sai ta zana kaza. Shi kuwa a gidan da ya tashi ana ƙyamar zana abu mai rai cikakke. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan zanen da ba shi da inuwa, wato irin na takarda ko bango, shi bai ce haramun ne ba, amma ya fi son a kauce wa shakka. Hana ta kuma bai iya ba, don shi ne abu na farko da ya ga ta yi da son ranta tun rasuwar uwarta. Sai ya koya mata abin da ya ga wasu magabata suna yi: in ka zana mai rai, ka ja layi ka raba kai da jiki, ya zama ba cikakkiyar sura ba. Da jar tawadar da yake sa wasali ya fara nuna mata, shi ya sa ta ɗauka dole layin ya zama ja.

"To Malam," in ji Sadiyatu, "don Allah mis sa sai daidai wurin yanka?"

"Ɗiyata, ni wuya kawai nis sani. Ke ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyar Maccido mai nama, Ƙohwar Marke."

"Shi ke nan," in ji Malam, "an gama shari'a."

Nan fa gida ya kaure da dariya. Inno ta riƙe ciki, Jafar ya cire tabarau yana goge ido, yana shafa wuyansa yana cewa Alhamdu lillahi yana nan. Ladan ya ce shi dai ya ce a tambaya, ya ƙara cewa ya ce a tambaya, har sai da matarsa ta harare shi. Sadiyatu ta koma ta zauna daɓas a tabarma. Kunya ta kama ta, amma daɗin da ta ji ya fi kunyar nesa ba kusa ba. Ta shigo gidan da gawa uku a zuciyarta, ga su duk suna motsi, ɗaya na shan lemo, ɗaya na buga ƙwallo, ɗaya na ihu a ɗaki. Yarinyar da ta zaci ta sa kanta cikin matattu, ashe cikin masu rai ta sa kanta. Ta riƙa cewa Alhamdu lillahi tana dariya, hawaye na zuba, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Khaula tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki tun ɗazu, ta riƙe labule. Jafar ne ya karɓi kwalin daga hannun mahaifinsa don ya ga yadda aka zana shi. Ya yi murmushi a kan hularsa, sai idonsa ya kai gefe, wajen mai shuɗin mayafi, murmushin ya tsaya.

"Khaula, taho. Kin mance ba ki ja ma Umma nata ba."

Yarinyar ta matso, ta leƙa kwalin, ta girgiza kai.

"Ban mance ba. Malam cewa yay yi mai rai aka ja ma. Umma ba ta da rai yanzu, ita ana iya barin ta duka."

Akuyar kaɗai ake ji tana tauna gero. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska. Khaula ta juya wajen kakanta, da alamar tsoron ko ta yi kuskure.

"Malam, ko in ja mata?"

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen. Mutum ne da aka sani da amsa tambaya tun kafin a rufe baki, amma wannan karon sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"A'a. Bar ta yadda take."

Jafar ya roƙi a bar masa kwalin, Sadiyatu ta ce ai nasa ne. Inno ta share geron da akuya ta rage ta ce sadaka ta riga ta karɓu, ta kuma hana su tafiya sai da suka ci tuwo. A hanya Ladan ya buɗe baki zai sake cewa ya ce a tambaya, ta ce in ya ƙara sai ta sauka ta taka da ƙafa.

Khaula ba ta zama mai surutu ba bayan wannan, amma ta fara amsa tambaya, ta kuma koma bencin tsakiya. Yaran ajin, da yake yara ba sa ganin abu su bari, suka kwashi jan layin nan gaba ɗaya. Kaza layi, kifi layi duk da ba shi da wuya, wani ma har mota ya ja wa. Sadiyatu ba ta hana ba, ba ta kuma tilasta ba. In sabon malami ya leƙo ajin ya ga bango cike da yankakkun wuyoyi ya zaro ido, sai ta ce ya zauna ta ba shi labari, kuma ba ta rage wa kanta komai, har fatali da kwaryar.

Kusa da ƙarshen zango yara suka matsa mata, suka ce kowa ya zana gidansu ban da ita. Ta ɗauki farin alli da ja ta hau allo. Ta zana Ladan a kan mashin da buhun kara a baya, ta ja masa layi, aji ya fashe da dariya. Ta zana uwarta da yayyenta da wuƙaƙensu, ta zana kanta da ƙaton mayafi, duk ta bi su da jan alli. Sannan ta matsa gefe, inda allon ya rage, ta zana wani mutum mai faɗin kafaɗa da hannu a ƙugu, ya ɗan karkata kai kamar mai duba tozon bijimi. Hannunta bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ta gama ta ajiye allin a bakin taga, ta kakkaɓe hannu.

Wata yarinya a gaba ta ɗaga yatsa. "Malama, kin mance da wanga, ba ki ja mai ba."

Kafin Sadiyatu ta juyo, sai aka amsa daga bencin tsakiya.

"Ba ta mance ba," in ji Khaula.